Na'urar Karatu Ko Tab: Wanne Ya Fi Dacewa Da Mai Son Karatu?

"Assalamu alaikum. Ina yawan karatu a wayata: littattafan labari, na tarihi, da kuma takardun makaranta masu zuwa a PDF. Matsalata ita ce idona yana zafi idan na daɗe, kuma saƙonni ba sa barina in natsu. Kuɗin na'ura ɗaya kawai nake da shi. Wasu sun ce in sayi Kindle, wasu sun ce tab ya fi tunda komai yana yi. Wanne ya fi dacewa da wanda karatu kawai yake so?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu uku ka kawo a tambaya ɗaya: zafin ido, saƙonnin da ke katse maka hanzari, da kuma nau'i biyu na abin karantawa, wato littafin labari da takardar PDF. Masu ba da shawara sun fi tsayawa kan maganar ido, alhali na ukun nan shi ne ke raba gardama. Na'urar karatu irin su Kindle da Kobo ta fi tab nesa ba kusa ba wajen littafin da rubutu ne zalla, amma idan aka zo ga PDF mai faɗin takardar ofis, ƙaramar na'urar karatu wahala ce kawai. Kafin mu kai can, sai ka san yadda fuskokin biyu suke aiki, domin duk bambancin daga nan ya taso.

Yadda kowacce ke nuna rubutu

Fuskar na'urar karatu ba ta fitar da haske da kanta. Ana kiran fasahar E Ink, tawadar lantarki. Daga ɗakin binciken jami'ar MIT a Amurka ta fito, aka kafa mata kamfani a 1997, Sony ya fara sa ta a na'urar karatu a Japan a 2004, sannan Amazon ya fitar da Kindle na farko a 2007. A ƙarƙashin gilashin akwai miliyoyin ƙananan ƙwayoyi, kowacce ba ta wuce kaurin silin gashi ba, cike da ruwa garai-garai wanda ƙurar fenti fara da baƙa ke yawo a cikinsa. Cajin lantarkin farar kishiyar na baƙar ne. Idan aka tura wuta, sai ɗaya ta taso sama ɗayar ta nutse, a haka harafi ke fita. Da zarar shafi ya zauna, ba ya buƙatar wuta kuma. Ko batirin ya mutu murus, rubutun yana nan. Sai ka juya shafi take shan wuta.

Hasken wurin da kake zaune ne ke sauka a kanta ya dawo idonka, kamar yadda takarda take yi. Shi ya sa da tsakar rana ta fi fitowa ras. Don karatun dare, tun daga wajen 2012 aka fara jera ƙananan fitilu a gefen fuskar, suna watsa haske a saman rubutun ta wani siririn faifai da ke kwance a kai.

Kuɗin da ake biya a kan wannan shi ne nawa. Ƙurar fentin sai ta yi tafiya a cikin ruwa, don haka juya shafi yana ɗaukar wani yanki na daƙiƙa, wani lokaci kuma inuwar shafin baya takan rage a kan sabon. Idan ka ga fuskar ta yi baƙi ƙirin ta dawo fari bayan wasu shafuka, ba lalacewa ta yi ba, goge wannan inuwar take yi. Matakan launin toka 16 kawai take da su tsakanin fari da baƙi.

Shi kuwa tab fitila ce kake kallo kai tsaye. Mai fuskar LCD fitilarsa na baya, mai OLED kowane ɗigo shi ke haska kansa. Yana sabunta hoto sau 60 ko 120 a daƙiƙa, shi ya sa ja sama da ƙasa, buɗa rubutu da yatsa biyu, launi da bidiyo duk suke tafiya sumul. A rana kuma gilashin ya zama madubi, sai ka ƙure hasken kafin ka ga komai, batirin ya zube, bayan na'urar ya ɗau zafi.

Maganar ido da barci

A nan 'yan kasuwa sukan zuzuta abu fiye da yadda yake. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta bayyana cewa babu hujjar da ke nuna shuɗin hasken fuskar waya ko kwamfuta yana lalata ido. Zafin da kake ji, mafi yawa, daga abu uku ne: mai kallon sikirin yana rage ƙifta ido sai idon ya bushe, rubutun waya ƙanana ne sai ka matso da ita kusa, jijiyoyin da ke daidaita gani su gaji, sannan hasken fuskar ya fi na ɗakin ƙarfi sosai. Na'urar karatu tana maganin na uku kai tsaye, domin haskenta na iya sauka ƙasa ƙwarai, da rana ma a kashe shi gaba ɗaya. Na biyu kuwa, duka na'urorin biyu suna maganinsa, tunda duk sun fi waya faɗi. Na farko babu na'urar da za ta yi maka shi. Ƙa'idar da likitocin ido ke bayarwa ita ce duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli abin da ke nesa da kai kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20.

A kan barci akwai binciken da aka fi ambata, wanda masana na asibitin Brigham da jami'ar Harvard a Amurka suka wallafa a mujallar PNAS a 2015. Mutum 12 aka sa suka yi karatu awa huɗu kafin kwanciya, wasu darare a iPad wasu a littafin takarda. A dararen iPad, sinadarin melatonin da ke kiran barci ya ragu, kuma sun ƙara kusan minti goma kafin barci ya ɗauke su. Ka lura da sharuɗɗan: awa huɗu cur, kuma an ƙure hasken. Wanda ya rage haske ya karanta rabin awa ba a wannan halin yake ba. Duk da haka, ga mai karatu a gado cikin duhu, na'urar karatu mai fitila ruwan ɗorawa ta fi sauƙi.

Wani abu da bai kamata a rufe ba: idan zafin yana zuwa da ciwon kai, ko rubutu yana rarrabuwa biyu, ko ka haura shekara 40 ka ga kana nesanta littafi kafin ka iya karantawa, to gwajin ido kake buƙata, wataƙila da tabarau. Sayen na'ura ba zai gyara wannan ba.

Inda ake raba gardama: irin fayil ɗin da kake karantawa

Littattafan lantarki iri biyu ne. Akwai masu rubutu mai gudana, irin EPUB da tsarin Kindle, waɗanda ba su da tsayayyen shafi. Ka ƙara girman harafi, layuka su sake jeruwa su cika fuskar daidai, ko inci 6 ce ko inci 11. Don waɗannan aka ƙera na'urar karatu, kuma a nan ba ta da na biyu.

PDF kuwa shafi ne da aka daskarar. Yadda aka tsara shi don bugawa, haka zai fito. Yi lissafin da kanka. Takardar A4 faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Fuskar na'urar karatu mai inci 6 faɗinta kamar santimita 9 ne, tsawonta 12. Idan aka matse shafin ya shiga ciki, komai ya koma ƙasa da rabin girmansa, harafin da aka buga a lamba 11 ya koma bai kai lamba 5 ba. Dole ka buɗa, ka ja dama, ka ja hagu, kuma kowane ja sai fuskar ta sake zana kanta a hankali tana walƙiya. Shafi biyu za ka yi ka gaji. Mai inci 7 idan aka kwantar da ita a gicciye tana ba da faɗin santimita 14, ana iya karantawa, amma shafi ɗaya sai ya rabu biyu ko uku. Idan takardar mai ginshiƙi biyu ce irin ta mujallun ilimi, ko akwai jadawali da taswira da kake komawa kansu, abin ya ƙara rikicewa.

Fuska mai inci 10 zuwa 11 tana kusa da girman A5, wato rabin A4. Shafi yana fitowa kamar kashi uku cikin huɗu na girmansa, idan kuma ka yanke fararen gefuna da manhaja, ya kusa komawa daidai. Sai fuska mai inci 13 ce ke nuna A4 kusan yadda yake.

Akwai kuma PDF ɗin da ba rubutu ba ne sam, hoton shafi ne aka ɗauka da na'urar sikanin ko da waya. Gwajinsa mai sauƙi ne: danna yatsa ka riƙe a kan kalma ɗaya. Idan ta zaɓu, rubutu ne na gaske. Idan ba ta zaɓu ba, hoto ne. Irin wannan ba ya karɓar ƙamus, ba a neman kalma a cikinsa, kuma yana da nauyi: littafin labari a EPUB sau da yawa bai wuce megabait 1 zuwa 3 ba, amma littafin da aka yi wa sikanin yana iya kai megabait 100 ko fiye. Ƙwaƙwalwar na'urar karatu ƙarama ce, da gangan aka yi ta haka don batir ya daɗe, shi ya sa irin wannan fayil ke sa ta tsaya cak kafin ta buɗe shafi.

Za a ce maka ai ana juya PDF ya koma EPUB. Gaskiya ne, manhajar Calibre ta kwamfuta, wadda kyauta ce, tana yi. Idan littafin ginshiƙi ɗaya ne kuma rubutu zalla, yakan fito ba laifi. Amma PDF bai san inda sakin layi ya ƙare ba, matsayin kowane layi a shafi kawai ya sani. Sakamakon haka lambobin shafi da kanun sama sukan kutsa tsakiyar jimla, bayanan ƙasan shafi su cakuɗe da matani, jadawali ya wargaje, alamomin lissafi su ɓace. Ga takardar jarrabawa, ba na ba da shawarar dogaro da wannan. Manhajar KOReader, wadda ake iya sa wa Kobo da wasu na'urori, ta fi iya yanke gefuna da sake jera layukan PDF har da na hoto, sai dai sa ta na buƙatar ɗan sanin hannu.

Sannan ka tuna karatun makaranta ba daga farko zuwa ƙarshe ake yinsa ba. Kana shafi na 40, ka leƙa na 212, ka ja layi, ka buɗe wata takardar ka gwama, ka rubuta bayani. Duk wannan tsalle-tsallen aikin tab ne.

Natsuwa, batir da nauyi

Kan saƙonni babu dogon bayani. Na'urar karatu ba ta da WhatsApp, ba ta da bidiyo, burauzarta ma ba ta da daɗin amfani. Rashin iyawarta shi ne amfaninta. Tab kuwa babbar waya ce, duk abin da ke janye ka a waya zai biyo ka can in ka buɗe masa ƙofa. Mutumin da ya san ba ya iya riƙe kansa ya ɗauki wannan da muhimmanci, don na fi ganin tab ɗin da aka saya da niyyar karatu ya koma na kallo a kan akasin haka.

Batun batir yana son a karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin talla. Idan Amazon ya ce Kindle na yin mako goma, lissafinsa a kan karatun rabin awa ne a rana, da Wi-Fi a kashe, da haske matsakaici. Mako goma sau rabin awa kullum awa 35 ke nan. iPad kuwa ana ƙiyasta masa awa 10. Tazarar tana da yawa amma ba ta kai yadda kalmar "makonni" ke sa mutum ya zata ba. Inda na'urar karatu ta yi fice shi ne a ajiye: ka bar ta kwana da kwanaki ka tarar da cajinta kusan yadda ka bari. Abin da ke cinye mata batir ba zato shi ne zuba littattafai ɗaruruwa lokaci guda, domin takan kwana tana bin kalmominsu don ta tsara wurin nema, fayil ɗaya lalatacce kuma na iya sa ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ka riƙa zuba su kaɗan-kaɗan tana jone da caja.

Nauyi: ƙaramin Kindle giram 158 ne, Kindle Paperwhite, wanda ya ɗan fi shi girma, ya ɗan haura 200, iPad na gama-gari yana kusa da 480. A tebur ba ka jin bambancin. A kwance da hannu ɗaya, bayan minti ashirin wuyan hannunka zai gaya maka.

Shagon littattafai da haruffa

Littafin da ka saya a shagon Amazon yawanci a kulle yake, a na'urar Kindle ko manhajar Kindle kawai yake buɗewa, kuma a Fabrairun 2025 kamfanin ya cire damar sauke littafin da aka saya zuwa kwamfuta don turawa ta kebul. Naka fayilolin kuwa suna shiga: tun 2022 hanyar Send to Kindle tana karɓar EPUB ta juya shi da kanta. Kobo da PocketBook suna buɗe EPUB kai tsaye, ka jona kebul ka kwafa kamar filashi. A nan tab ya fi kowa 'yanci, tunda manhajar Kindle da ta Kobo da ta Google Play Books duk suna zama a na'ura ɗaya.

Mai karanta Hausa ya duba haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Wasu zane-zanen haruffan da ke zuwa da na'ura ba su da su, sai ka ga ɗan akwati a wurin harafin, ko ya fito da wani salo daban a tsakiyar kalma. Maganin shi ne ka sauke Charis SIL ko Noto Serif, ka jona na'urar da kwamfuta, ka sa fayilolin a jakar fonts, sannan ka zaɓe shi daga cikin littafi. Kindle da Kobo duk suna yarda da haka. Idan kana karanta Larabci mai wasulla, gwada littafi ɗaya a kan ainihin na'urar kafin ka biya, don ba kowacce ke jera rubutun dama zuwa hagu yadda ya kamata ba, kuma yawancin manyan littattafan Larabci da ke yawo PDF ne na hoto, wanda ya sake mayar da mu ga babbar fuska.

Na'urorin tsakiya

Akwai manyan na'urori masu tawadar lantarki da alƙalami, irin Kindle Scribe mai inci 10.2 da ya fito a 2022, da reMarkable, da Boox masu tafiya da Android. Suna karanta PDF da kyau kuma ana rubutu a kai, amma tsadarsu takan kai ta tab mai kyau ko ta wuce, nawar fuskar tana nan, masu Android kuma batirinsu kwanaki yake yi ba makonni ba. Masu launi irin Kobo Libra Colour da Kindle Colorsoft na 2024 matatar launi aka shimfiɗa a kan fuskar fari da baƙi: launuka 4,096 ne, a dishe, kaifin launi ɗigo 150 a inci maimakon 300, kuma farin shafin ya fi duhu har sai an kunna fitila. Ga mai karanta rubutu zalla, fari da baƙi ya fi.

To wanne za ka saya?

Buɗe wayarka ka duba abin da ka karanta a watan da ya wuce. Kada ka ƙirga fayiloli, ƙirga awannin da ka ba kowane iri. Idan kashi biyu cikin uku ko fiye na lokacinka littattafan labari da tarihi ne da ake samu a EPUB, kuma kana da kwamfutar da za ka buɗe takardun makaranta a kanta, sayi na'urar karatu mai inci 6 ko 7, mai ɗigo 300 a inci, mai fitilar da ake mayarwa ruwan ɗorawa. Ma'ajiyar gigabait 8 ko 16 ta ishe ka dubban littattafai.

Idan PDF ya kai rabi, ko ba ka da kwamfuta, to tab ne naka, ko da kuwa zai ɗan rage maka daɗin littafin labari. Tab yana karanta labari ba laifi, amma ƙaramar na'urar karatu ba ta iya karanta PDF da kyau, kuma karatun makaranta ba ya jiran uzuri. Daga yadda ka zayyana, nan na fi karkata.

Nemi tab mai inci 10 zuwa 11. Kada ka sauka ƙasa da ɗigo 1920 × 1200; masu araha masu 1280 × 800 a inci 10 ɗigo 150 kawai suke bayarwa a inci, gefen haruffa ya yi gasa-gasa, ido ya gaji. Dubi siffar fuskar: mai 4:3 ko 3:2 ta fi kusa da siffar takarda, mai 16:10 siririya ce, takan bar fili a banza sama da ƙasan shafi. RAM, wato ƙwaƙwalwar aikin na'urar, kada ya gaza gigabait 4. A shago ka rage hasken zuwa ƙarshe ka rufe da tafin hannu ka gani, don wasu mafi ƙarancin haskensu ma ya yi yawa ga ɗaki mai duhu. Wasu fuskokin OLED kuma suna rage haske ne ta hanyar kunnawa da kashewa cikin sauri, abin da ke sa wa wasu mutane ciwon kai.

Ranar da ka kunna shi, kada ka sa masa manhajar hira ko ta sada zumunta ko ɗaya, ka bar su a waya. Kashe sanarwa gaba ɗaya. Android yana da hanyar kafe manhaja ɗaya a fuska, iPad yana da Guided Access, duk suna hana ka fita daga littafi ba tare da niyya ba. Daidaita haske ta hanyar ajiye farar takarda kusa da shi, ka rage har farinsu ya zo ɗaya. Zaɓi shafi mai ruwan ƙasa-ƙasa, ka riƙe shi kamar santimita 40 daga idonka, ka liƙa masa ledar kariya marar sheƙi idan walƙiyar fitila tana damunka.

Idan na hannu za ka saya, akwai abin dubawa kafin kuɗi su fita. iPad ɗin da mai shi bai cire asusunsa ba a kulle yake, babu abin da za ka yi da shi, don haka a goge shi a gabanka ka shigar da naka. Kindle ɗin da aka kai rahoton ɓatansa ba ya karɓar rajista, gwada shigar da asusunka a wurin. Buɗe farin shafi ka ƙure fitila ka nemi tabo ko layin da ba ya gogewa. Fuskar tawadar lantarki tana zaune ne a kan gilashi siriri ƙwarai da ke can ciki, yana iya tsagewa daga matsi a cikin jaka alhali saman lafiya lau. Alamarsa ita ce wani ɓangaren shafi ya daskare da zane-zane, kuma wannan sai dai a canja fuskar gaba ɗaya. Saboda haka riga mai marfi mai tauri dole ce. Daga nan ka kwantar da na'urar a kan tebur ka danna kusurwoyinta: idan tana rawa, ko murfin baya ya ɗago, batirin ya kumbura, ka bar ta.